Irin da Yayana Ya Tsinto a Jikin Kututture

Yayana ya yi sana'a uku a rayuwarsa, amma da ta ukun kaɗai mutane suka san shi. Da farko kafinta ne. Da inji ya taɓa masa yatsu biyu na hannun hagu, sai ya koma gadi a wani wurin yankan katako. Ta ukun ita ce noman naman kaza, abin da 'yan unguwa ke ce wa laimar kwaɗi in suna neman ɓata masa rai. Ita ta jawo masa sunan Mai Kwalba, don duk wanda ya leƙa bayan gidansa, kwalabe zai fara gani a kife suna shan rana.

Ni na shiga gidan bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ranar da na gama takaba yaya ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko zauna ba.

"Tashi ki haɗa kayanki," ya ce. "Ina da kwalabe babu mai wankewa."

Haka yake. Bai iya cewa na tausaya miki ba, sai dai ya samo maka aiki. Tun daga ranar nake wanke kwalaben nan, kuma daga gindin famfo na ga duk abin da zan faɗa.

Irin nasa ba saya ya yi ba, tsintarsa ya yi. Lokacin yana gadi, a tsakiyar zafi, sa'ad da ko ciyawa ta haƙura, ya ga wani tarin naman kaza mai ruwan toka ya fito a jikin tsohon kututture, kusa da wani bututun ruwa mai yoyo. Wani dattijo abokin aikinsa ya ce ana ci, ya gasa ya ci a gabansa. Yaya ya jira ya ga dattijon ya wayi gari lafiya, sannan shi ma ya ɗanɗana. Dama ya taɓa zuwa wani ɗan horo da ma'aikatan gona suka yi, ya ga yadda ake tsaga naman a ɗauki tsokar ciki a dasa a kan turararren hatsi cikin kwalba. Ya gwada ya ruɓe, ya sake ya ruɓe. Matarsa ta ce a shekarar har tukunyar girkinta ya ƙwace don turara hatsi. Daga ƙarshe wata kwalba ta kama. Wani farin zare mai laushi, kamar audugar da aka shiɓa, ya bi hatsin ya lulluɓe shi. Wannan farin zaren shi ne iri. In aka zuba shi cikin ledar garin katako da aka turara, sai ya cinye ledar ta yi fari fat, a tsaga gefenta, a riƙa yayyafa ruwa, naman ya tsiro.

Akwai masu wannan noma da yawa, kuma duk irin kamfani suke saya. Nasu yana yin kyau in gari ya yi sanyi, amma da zafi ya kama sai ɗakunansu su mutu. Na yaya kuwa a zafin yake samun kansa. Tun da a zafi aka tsince shi, bai san tsoronsa ba. Akwai wata mata mai sari da ke kai wa gidajen abinci, mai ƙiba da yawan dariya, wadda in zafi ya yi sai ta riƙa sammako da kwandunanta tana zama a kan turmin gidanmu, kada wani ya riga ta. Da naman zafin nan yaya ya rufa ɗakuna, ya aurar da ƙannenmu, ya kai 'yarsa ta fari har jami'a.

Ɗakin da yake dashen iri ƙarami ne, ba ya ɗaukar mutum biyu. Kafin ya shiga sai ya yanke farce, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ya ɗaure baki da ƙyalle. Wanda ya fito daga madafa ba ya kusantar ƙofar. A ciki akwai tebur, da 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, da wata waya mai lanƙwasa a baki wadda yake ƙonawa ta yi ja kafin ta taɓa komai. Ba ya magana a ciki ko gidan zai kama da wuta.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya, kwana nake ina fifita da murfin kwano," in ji matarsa. "Ga laimar kwaɗi can da fanka har biyu."

"Ke in kin ji zafi kina da bakin faɗa," ya ce. "Su fa?"

"Allah ya ba su baki, in ji abin da za su ce a kanka."

Yadda yake raya irin kuwa, ga shi. Yakan ɗibi hatsi daga kwalbar da yake kira uwa, ya zuba kaɗan kaɗan cikin sababbin kwalabe, ya toshe bakinsu da auduga, ya jera su a kan kanta. Kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a haske, yana duba inda farin ya kai. Wadda ta riga 'yan'uwanta yin fari har ƙasa, ita ce sabuwar uwa. Yana ce mata mai gudu, kuma yana alfahari da ita kamar ɗan da ya zo na ɗaya a makaranta. Tsohuwar uwar kuma a ranar yake zazzage ta a rami, ya miƙo min kwalbar.

"Tsohuwar kwalba gidan funfuna ce," yakan ce. "Wanke ta da ruwan zafi."

Ni kuwa in wanke. Ban taɓa tambaya ba, don na ga yadda koren funfuna ke cinye ɗaki guda in ya samu shiga. Tsabtar yaya ce ta sa nasa ɗakin bai taɓa kamuwa ba. Wani abu kuma, ba ya ba kowa iri. Mutum ne mai kyauta, zai iya cire rigarsa ya ba ka, amma in ka roƙi kwalba ɗaya sai fuskarsa ta rufe.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa ba mu farga da wuri ba. Da fari ledar da takan ba da tsinka huɗu ta koma biyu. Sai naman ya fara fitowa da dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, kamar yaron da ya yi jinya. Abin da ya ruɗe mu shi ne kwalaben sun fi kowane lokaci kyau. Farin yana gudu kamar ana korarsa, yana cika kwalba tun kafin lokacin da muka saba, ya yi tsiri har cikin audugar. Yaya ya ce ai iri lafiyarsa ƙalau, ga shi kowa na gani. Ya ɗora laifin a kan garin katako, ya canja mai kawowa. Ya ce ruwan famfo ne, muka koma sayen na rijiya. Ya ce turaren matarsa ne ke shiga ta taga.

"Turaren da nake sakawa tun kana da gashi a ka?" ta ce. "Yau ya zama guba?"

Har ni sai da ya zo ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake ɗauraye kwalba. Na ƙara ɗauraya ɗaya. Da yamma ya sayo min lemo ya ajiye kusa da tabarmar sallata, ya wuce.

Sai shekarar da ledoji suka yi fari gaba ɗaya, muka tsaga, muka yi ta yayyafi, ko tsiro ɗaya. Fari kawai, mai kauri, kamar an shafa musu alli. Mai sari ta zo ta koma, ta zo ta koma, daga baya ta riƙa aiko da gaisuwa.

'Yar tasa a lokacin tana aiki a wata cibiyar bincike, kuma a kan irin waɗannan tsirrai take aikin, don tun tana ƙarama take laɓewa a tagar ɗakin dashe. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ita ya kamata a fara gaya wa, amma ya hana. Wai ba zai kai ƙarar sana'arsa wurin yarinyar da ya goya ba. Matarsa ce ta kira ta a ɓoye. Ta zo, ta shiga ɗakin ledojin ta daɗe, ta fito ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ba ni kwalba ɗaya in je in duba."

Ya tashi ya shiga ya ɗauko mai gudun da kansa, ya naɗe ta a tawul.

Bayan 'yan makonni ta dawo. Bayan la'asar ne, muna tsakar gida, ina tsince hatsi a faranti. Ta ce za ta yi bayani yadda kowa zai gane, har da Gwaggo. Na ce Gwaggo ta gode.

Ta ce farin zaren nan, in aka duba shi da madubin da ke ƙara wa abu girma, ɗakuna ne ƙanana a jere. A kowane ɗaki akwai babban rubutun gado, wanda ke faɗin kamannin naman da launinsa da halinsa. Wannan rubutun shi suke kira DNA. Ban da shi kuma akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa birjik a ɗakin, aikinsu su ƙona abinci su mai da shi ƙarfi. Ta ce mu ɗauke su kamar murhu. Sunansu maitokondiriya, sai da na sa ta maimaita kafin harshena ya ɗauka. Su ma murhunan suna da nasu ɗan rubutun daban, ba a haɗe yake da babban ba.

"To aikina a kan rubutun murhun yake," ta ce. "A naman kaza iri-iri da ake ci, muna samun wani yanki a ciki mai bayanin yadda ake ƙera mai kwafar rubutu. Folimares ake ce masa. Alamu sun nuna ba ɗan gida ba ne, wani baƙon guntun rubutu ne ya shigo da shi tun da daɗewa. A wasu yana nan cikakke, a wasu ya kakkarye, saura ɓurɓushi."

"A nawa fa?" in ji yaya.

"A naka akwai shi, har wuri fiye da ɗaya. Kuma na ga murhunan naka ba bakinsu ɗaya ba. Wasu rubutunsu ya gutsure a kusa da wurin."

Yaya ya gyara zama. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, irin ta wanda aka nuna masa ɓarawonsa.

"To shi ne ya kashe min iri. A cire shi."

"Ba a cirewa haka, Baba. Kuma ban ce shi ne ba."

"To wane ne?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba? Duk karatun nan?"

"Mun san yana nan, mun iya karanta shi harafi harafi. Abin da yake yi a wurin, ko ma yana yin wani abu, har yanzu ana bincike. Wataƙila tun ranar da ka tsinci irin haka yake, yana haihuwarsa lafiya. Wataƙila kuma daga baya ya gutsure. Ba zan gane ba sai na ga na da. Ka ba ni tsohuwar kwalba ko ɗaya ce, ta shekarun baya, ko ta bushe. In na samu mai rai ma, ba sai na yi bincike ba, daga ita za ka ci gaba."

Matar yaya ta dube ni, ni kuma na dubi kwalaben da ke kife a rana, tas da su, suna ƙyalli. Ban taɓa jin kunyar aikin da na yi da kyau ba sai ranar.

Yarinyar ta tambayi yadda yake zaɓen uwa. Ya gaya mata, har da ɗan ɗaga murya, don abin alfaharinsa ne. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Shekara da shekaru kana tambayar kwalaben wa ya fi gudu. Ba ka tambaye su wa ya fi haihuwa ba. A cikin kwalba ai ba a haihuwa, gudu kawai ake yi. Wanda ya bar komai ya riƙe gudu, shi kake ɗauka kullum."

"Mai ƙarfi nake ɗauka!"

"Na sani. Kowa zai ɗauka shi ne mai ƙarfin. Da dai kana komawa lokaci lokaci ka ɗauki tsoka daga naman da ya fito mai kyau, kamar yadda ka yi da farko."

"Ta wannan hanya rabi ruɓewa yake. Ga mutane na jira a ƙofa."

"Haka ne."

"Yanzu sai in koma in yi."

Ta dubi ɗakin ledojin. Shi ma da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Ina naman da za a tsaga?

Washegari ya ce in raka shi wurin yankan katakon. Ban san abin da ya sa ya zaɓe ni ba, wataƙila don ba ni da surutu. Mun hau mota biyu. Da muka isa, babu katako babu kututture. An shafe wurin da siminti, an jera shaguna, masu gyaran waya da masu sayar da taya. Ya yi ta zagaye yana auna wurin da ido, ya tsaya gaban wani shago ya ce nan bututun yake. Mai shagon ya fito ya ce, "Baba, me za a ba ka?" Yaya ya ce ba komai, wucewa muke. A hanyar dawowa ya sauka wurare da dama, duk inda ya hango tarin itace, yana leƙa ƙarƙashi. Ya ga laimar kwaɗi kala kala, babu tasa.

Dole ya sayi irin kamfani, don gida ba ya zama babu shigowar komai. Ranar da ya je saye ya sa hular da ke rufe masa rabin fuska. Irin ya yi abin da aka san shi da shi, ya ba da nama da damina, ya kwanta da zafi. A gefe guda kuma yana ci gaba da raya nasa farin a kan kanta, don in ya bari zai mutu, in ya sake dasawa kuma ya san ƙara nisa yake yi. Ya daina ɗaukar mai gudu. Sai ya tsaya gaban kwalaben da wayar dashe a hannu, bai san wadda zai ɗauka ba.

Uwata ce ta zo da wata shawara. Ta ce akwai dabarar da ake yi, a ajiye zaren wani irin mai lafiya, wanda bai riga ya haɗu da abokin haihuwa ba, kusa da na babanta. In jininsu ya haɗu, rabin babban rubutun na babanta zai ƙaura ya shiga ɗakunan wancan.

"Murhun fa?" ya ce.

"Yawanci murhu ba ya ƙaura. Na gidan da aka shiga ake amfani da shi. In ciwon a murhu yake, ka ga an bar shi a baya."

"Wato ya tare a gidan mutane, ya ci daga tukunyarsu."

"Ai gado ya yi," in ji matarsa. "Wa ya shekara a gidan babana yana cewa gini ya kusa?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya tambaya, abin da zai fito nasa ne ko na mutane. Ta ce rabi da rabi. Ya tambaya, jure zafin a wane rabin yake, ko a murhun yake. Ta ce wannan ma ba ta sani ba, sai an gwada. Aka yi kwanaki, sannan wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya ce a yi.

Ta ce ya zo ya ga wurin da idonsa, ni ma na bi su. Aka ba mu fararen riguna da abin rufe takalmi. Yaya ya riƙa shafa tebur da yatsa yana dubawa, ya ce ba laifi, sun iya shara. Yarinyar ta yi aikinta a cikin wani akwatin gilashi mai hura iska, hannunta irin nasa sak, har yadda take karkata kwalba kusa da wuta. Da ta gama sai ta ɗibi wani ɓangare na irin ta zuba a wasu 'yan ƙananan robobi kamar yatsa, ta ce waɗannan ajiya za a yi. Ta kai mu wani ɗaki, ta buɗe wata tukunyar ƙarfe mai tsayi, farin hayaƙi mai sanyi ya malalo ƙasa.

"A nan in aka sa iri, tsayawa yake cak," ta ce. "Ba ya girma, ba ya tsufa. Yadda aka sa shi haka za a ciro shi."

Yaya ya matsa ya leƙa.

"Tun yaushe kuke da wannan?"

"Tun kafin in fara aiki."

"Da na kawo shi yana da lafiya, haka zai zauna da lafiyarsa?"

"Haka zai zauna, Baba."

"To me ya hana ki gaya min?"

Ta rufe tukunyar a hankali, ta ɗaure murfin, ba ta dube shi ba.

"Shekarar da na fara aiki na roƙe ka kwalba ɗaya. Na ce zan ajiye maka. Ka ce irinka ba ya kwana a waje."

Na tuna ranar. Ina gindin famfo, ta zo da sabuwar jakarta ta aiki tana murna, shi kuma ya yi dariya ya ce ta bari sai ta yi furfura. Shi ma na ga ya tuna. Ya cire farar rigar ya ninke ta da kyau, ya rasa wanda zai miƙa wa, sai ya riƙe ta har bakin ƙofa.

Haɗin ya kama. Ta kawo kwalabe, muka zuba a ledoji, ana tsakiyar damina. Wata safiya na shiga yayyafi na ga 'yan tsiro kamar kan allura sun cika bakin wata leda. Na fito ban ko ajiye butar ba. Cikin 'yan kwanaki suka buɗe, masu ruwan toka, masu kauri, sai dai sun ɗan fi na da haske. Matar yaya ta yi guɗa, ta soya da albasa, ta aika wa mai sari cewa Mai Kwalba ya dawo. Yaya ya ɗauki ɗaya ɗanye, ya tsaga, ya shinshina, ya juya shi ya dubi ƙasansa.

"Shi ne?" na tambaye shi.

"Akwai kama."

"Kai dai ba a iya maka," in ji matarsa. "Ci ka gode wa Allah."

"Na gode masa. Amma da damina ko na kamfani jarumi ne. A bari zafi ya zo."

Muka zauna jiran zafi, mu da muka saba roƙon Allah ya kawo sauƙinsa. Ban sani ba ko ya dace mutum ya sa naman kaza a addu'a, amma na sa, a kowace sujada, don na ga yadda wuyan rigar yaya ya fara yi masa yawa.

Zafin ya zo da ƙarfinsa. Ya cika ɗakin da ledojin sabon haɗin kaɗai, bai sa na kamfani ko ɗaya ba. Muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, muka riƙa zuba ruwa a ƙasa. Ledoji suka yi fari, ya tsaga su da hannunsa yana bismilla a kan kowace. Sai ga tsiro sun fito, da yawa ma. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Kwana biyu suna nan yadda suke. A na uku kawunansu suka fara yin rawaya. Ya ƙara yayyafi, ya rage, ya buɗe taga, ya rufe. Ya sauko da ledojin sama zuwa ƙasa inda ya fi sanyi. Na riƙa ɗebo ruwa har kafaɗata ta riƙe. Tsiron suka yanƙwane, suka bushe a jikin leda kamar ƙurajen da suka warke. Wasu suka sake fitowa a bayansu, su ma suka bi sahu. Ya kira Uwata a waya, na ji tana cewa akwai sauran haɗi da ba a gwada ba, a sa shi da wani irin daban, wataƙila ɗaya rabin ne ke ɗauke da abin, a jira zafin baɗi. Ya ce to. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Da ya kashe wayar ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda tun bara ya fara rawa in ya riƙe wayar dashe.

Mai sari ta zo da sassafe, da kwanduna uku a kai, tun daga zaure tana kiran sunansa.

"Mai Kwalba! Na ce wa mutanena su kwantar da hankali, mai naman zafi ya farfaɗo. Ina kayana?"

Yaya yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, buta a gefensa. Ya matsa mata ta leƙa. Ta daɗe tana kallon ledojin, dariyar ta tafi. Ta sauke kwandunan, ta sake ɗorawa.

"To yaushe zan dawo?" ta ce a hankali.

"In ruwa ya sauka."

"Ai in ruwa ya sauka kowa ma yana da shi."

"Kowa yana da shi," ya ce.

Ta yi mana sallama ta fita. Na tsaya da bokiti a hannu, na tambaye shi ko in yi yayyafin rana. Ya ce in bari, ruwan ma wahalar ɗebowa gare shi. Sannan ya tashi ya shiga, ya fara miƙo min ledojin ɗaya bayan ɗaya, ina kaiwa rami.